Igiya ɗaya, mutum 28: tafiyata zuwa Myall Creek

Muna tsaye a bakin titi a tsakiyar garin Armidale, ni da ƙanena, muna jiran motoci su wuce, sai ya nuna min allon da ke bisa kanmu ya ce, "Yaya, riƙe wannan sunan. Ranar Asabar zan kai ka inda gandunsa yake." Dangar aka rubuta a jiki. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, don hankalina na kan shagon da za mu sayi rigar sanyi. Kwanana biyu ke nan da sauka Ostireliya, cikin watan Yuli. Na baro damina ta kankama a Sakkwato, na tarar da hunturun da ban taɓa jin irinsa ba. Garin a kan tudu yake, kusan mita 1,000 sama da teku. Da asuba ciyawa kan yi fari fat da ƙanƙara, ruwan alwala kuwa kamar ana tsaga maka fata da reza.

Karatun kiwon dabbobi ne ya kai ƙanen nawa jami'ar garin, yana shekararsa ta uku. Shanu da tumaki su ne arzikin wannan yanki, su ne kuma suka kawo Turawa cikinsa tun farko. Ya ce a nan ba ka iya karanta tarihin kiwo ba tare da ka yi tuntuɓe da gawa ba.

Ranar Asabar muka kama hanya bayan rana ta ɗan ɗaga, saboda ya ce da sassafe da almuru kangaru kan faɗo wa mota. Muka bi ta Guyra, muka ratsa Tingha, wani tsohon garin haƙar kuza da ya tuna min da ƙauyukan Jos, muka wuce Inverell, daga Delungra muka karkata kudu zuwa hanyar Bingara. Tafiyar awa biyu da 'yan kai. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne itatuwan turare. Irin waɗanda gwamnati ta dasa mana layi-layi don tare hamada, ashe nan ne gidansu, ga su nan birjik ba mai shuka su. Bayan su sai waya. Shingen waya dama da hagu, kilomita bayan kilomita, baƙaƙen shanu masu ƙiba suna kiwo ba makiyayi, ba bukka, ba yaro da sanda. Ɗan Arewa da ya saba ganin mutum ko'ina ya duba a daji, wannan shirun sai ya dame shi. Na ce wa ƙanena, "Ina mutanen ƙasar nan?" Ya ce, "Abin da muka zo gani ke nan."

Mutanen da Turawa ke kira Aborijin sun fi shekara 50,000 a wannan nahiya, kuma lokacin da jiragen Birtaniya suka iso suna magana da harsuna kusan 250. Ranar 26 ga Janairun 1788 Arthur Phillip ya kafa tuta a inda Sidni take yau, da jiragen ruwa 11 da suka kwaso fursunoni daga Ingila. Ba a yi yarjejeniya da kowa ba, ba a biya ko kwabo ba. Aka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, aka zauna a kan wannan ƙarya har 1992, lokacin da babbar kotun ƙasar ta rushe ta a shari'ar Eddie Mabo. Da farko gwamnati ta shata iyakar inda Bature zai iya zama, amma masu dukiya suka yi ta kora garkunansu gaba, har a 1836 aka haƙura aka fara ba su lasisi a kan fam 10 a shekara. Da wannan fam 10 mutum zai mamaye ƙasar da sai ya yi yini a kan doki bai ga ƙarshenta ba.

Duk wanda ya san kiwo ya san inda rigima za ta tashi: bakin ruwa. Shanu suka tattake mashaya, suka cinye tsirran da mata ke haƙa, namun dajin da maza ke farauta suka ƙaura. Mutum ya ga yunwa za ta kashe 'ya'yansa a ƙasar kakanninsa, ya soki saniya da mashi, sai a kira shi ɓarawo a hau dawaki a bi shi. Su ma ba su naɗe hannu ba. Sun kai hare-hare, sun kashe makiyaya, sun tarwatsa garkuna. Yaƙi ne aka yi, na sama da shekara ɗari, sai dai ɓangare ɗaya na da doki da bindiga da kotu da jarida. A hanya zuciyata ta so ta kwatanta abin da rikicin manoma da makiyaya na gida, amma na ga kwatancin bai zauna ba. Namu maƙwabta ne da suka daɗe tare suke cin kasuwa ɗaya. Nan baƙo ne ya zo daga wata uwa duniya ya ce mai gida ba ya nan, alhali yana kallonsa.

Wurin da aka keɓe don tunawa da kisan kiyashin Myall Creek ba shi da wani kwarjini daga nesa. Ka sauka daga kwalta, ka ɗan hau tudu, ga filin ajiye mota. Daga nan wata siririyar hanya ta jan tsakuwa ta miƙe tana lanƙwasa kamar maciji a cikin itatuwa, tsawonta kamar rabin kilomita. A gefenta an kafa duwatsu bakwai, kowanne da allon ƙarfe mai zane da rubutu cikin Turanci da harshen Gamilaraay. Ana karantawa ana tafiya, labarin na ƙara nauyi.

Mutanen da abin ya faɗa wa Wirrayaraay ne, wani reshe na al'ummar Gamilaraay. Shekarar 1838 ta zo musu da masifa tun daga farkonta. Ranar 26 ga Janairu, daidai cikar shekara 50 da kafa waccan tuta, 'yan sandan doki ƙarƙashin Manjo James Nunn suka buɗe wa jama'a wuta a Waterloo Creek, yamma da nan. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce an kashe 40 zuwa 50, kuma ba wanda aka gurfanar. Bayan haka gungun makiyaya suka riƙa yawo a kan dawaki suna farautar mutane. Cikin wannan hali ne wani ayari na Wirrayaraay ya zo ya sauka a gandun Henry Dangar da ke Myall Creek, bisa gayyatar wani fursuna mai kula da shanu, Charles Kilmeister. Mafaka suka zo nema. Suka yi makonni a wurin lami lafiya, suna taya aiki, yaransu na wasa a ƙofar bukkar ma'aikata, shi Kilmeister har rawa yake yi da su da yamma.

A allo na gaba na daɗe a tsaye. Ranar Lahadi 10 ga Yuni, gab da faɗuwar rana, mahaya suka iso ƙarƙashin wani matashi ɗan masu gandu, John Fleming. Sun zo a lokacin da shugaban ma'aikata, William Hobbs, ya yi tafiya, samari majiya ƙarfi kusan goma kuma sun tafi wani gandu saran ɓawon itace. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da mata da yara. Da suka ji ƙarar kofato sai suka ruga cikin bukka, wurin mutanen da suka amince da su. Aka fito da doguwar igiya aka ɗaure su a jere. Mai gadin bukkar, wani fursuna George Anderson, ya tambayi inda za a kai su, aka ce masa bayan tudu za a kai su a tsorata su. Ya ƙi bin su. Kilmeister kuwa ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya bi ayari. Anderson ya ji harbi biyu kacal. Sauran aikin da takubba aka yi shi. Yara maza biyu suka tsira don sun faɗa cikin rafi sun ɓuya. Bayan kwana biyu makasan suka dawo suka tara gawawwakin suka cinna musu wuta, sannan suka bi sawun waɗanda suka tsere suka kashe wasu daga cikinsu.

A wurinmu ko kaza ce ta shigo ɗakinka tana gudun shaho, ba ka miƙa ta. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro ke nan, fiye da takubban: cin amanar. Mutumin da ya ce ku zo nan ba abin da zai same ku, wanda ya san yaran nan da sunayensu, shi ne ya hau doki ya raka igiyar. Ina tsaye ina duban gangaren da aka ja su, ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinariya, wasu fararen aku masu tukku suna ta kururuwa a kan itace. Da ba a faɗa maka ba, sai ka shimfiɗa tabarma a wurin ka ci abinci.

Da Hobbs ya dawo aka kai shi wurin, ya ƙirga abin da wuta ta bari har ya kai 28. Ya yanke shawarar ba zai rufe ba. Wani mai gandu, Frederick Foot, ya yi tattaki har Sidni ya kai labari ga sabon gwamna, George Gipps, shi kuma ya tura alƙali Edward Denny Day ya yi bincike. Day ya kamo mutum 11. Fleming ya sulale, ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya rayu har tsufa ana girmama shi a garinsu, har ya zama jigo a coci.

Ranar 15 ga Nuwamba aka yi shari'a. Masu gandu sun haɗa kuɗi sun ɗauki lauyoyi, jaridar Sydney Herald na ta hura wuta, masu taya alƙali yanke hukunci kuma ba su yi ko rabin awa ba suka ce ba su da laifi. Babban lauyan gwamnati, John Plunkett, ɗan Ailan, bai saki ba. Ya sake gurfanar da bakwai daga cikinsu kan kisan yaro ɗaya, aka same su da laifi, aka rataye su ranar 18 ga Disamba 1838, har da Kilmeister. Sauran huɗun aka sake su. Dalilin sakin ya fi komai ci min rai. Akwai wani matashi ɗan ƙasa, wato Aborijin, mai aiki a gandun, Yintayintin, wanda Turawa ke kira Davey, da ya bi su a ɓoye ya ga abin da idonsa. Doka ta ce ba a karɓar shaidarsa tunda ba Kirista ba ne, ba zai iya rantsuwa da Baibul ba. Kafin a san yadda za a yi da shi ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai a 1876 aka fara karɓar shaidar 'yan ƙasa a kotunan wannan jiha ta New South Wales. Ka duba fa: a kashe naka a gabanka, a ce bakinka bai isa ya faɗa ba.

Ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, akwai wanda ba ka sani ba a cikin bakwai ɗin." Ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, John Johnstone, baƙar fata ne mai jinin Afirka, da aka kawo daga Ingila a matsayin fursuna. Na yi shiru. Na zo da lissafina a shirye, fari a wannan gefe, baƙi a wancan, sai wannan suna ya ɓata min shi. Waɗanda suka riƙe takubban yawancinsu fursunoni ne da tsofaffin fursunoni, mutanen da su ma bulala ta ci bayansu. Wannan bai wanke su ba ko kaɗan. Amma igiyar gwamnati a wuyan talakawa ta tsaya. Dangar ba ya wurin ranar kisan, ba a kuma tuhume shi ba, sai dai ya tsaya wa waɗanda ake tuhuma, ya kuma sallami Hobbs daga aiki. Yau ga titi da sunansa a Armidale, ga wani kwazazzabo mai magangarar ruwa kusa da garin shi ma da sunansa, 'yan yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto.

Ratayar ma ba ta tsayar da kisa ba. Darasin da makasa suka ɗauka shi ne a daina barin shaida, wasu suka koma sa guba a garin fulawa. Masana a Jami'ar Newcastle, ƙarƙashin Farfesa Lyndall Ryan, sun yi taswirar wuraren da aka kashe mutum shida ko fiye a lokaci guda tsakanin 1788 da 1930, suka samu wurare sama da 400 da rayuka sama da 10,000. Kisan da aka yi a Coniston, can tsakiyar ƙasar, a 1928 aka yi shi, lokacin kakana yana saurayi, kuma kwamitin bincike ya wanke ɗan sandan da ya jagoranta. Abin da ya bambanta Myall Creek da sauran ba yawan jinin ba ne. A nan an samu 'yan tsirarun mutane, mai gadi da shugaban ma'aikata da alƙali da lauya, da suka ƙi kawar da kai.

A ƙarshen hanyar akwai wani ƙaton dutse da ke kallon kwarin. Mutane sun ajiye ƙananan duwatsu da busassun furanni a gindinsa. A nan muka tarar da wani dattijo da jikokinsa biyu, yana sanye da hula mai launin tutar Aborijin, baƙi da ja da rawaya a tsakiya. Ƙanena ya riga ya gaya min cewa su ma ba sa kiran babba da gatsal, Kawu ko Gwaggo suke cewa ko ba dangi, don haka na gaishe shi da Kawu. Ya dube ni da kyau ya tambayi daga ina. Na ce Najeriya.

"Su ma sun je wajenku, ko?"

"Sun je, Kawu. Sun tafi a 1960."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Namu suna nan." Sai ya ƙara da cewa shi ba korar kowa yake nema ba, wasunsu surukansa ne, wasu sun yi makaranta tare. Abin da yake so shi ne a faɗi abin da ya faru da sunansa. Ya ce lokacin yana yaro ba a koya musu wannan a aji ba, a gida ma da raɗa tsofaffi ke yin zancen. Ya sa ƙaramar jikar ta karanta min layin ƙarshe na allon da harshensu. Ta sa yatsa tana bi a hankali: Ngiyani winangay ganunga. Ma'anarsa, muna tunawa da su. Na roƙe ta ta maimaita sau uku har na iya faɗa, tana gyara min harafin farko da ke fita ta hanci.

Shi ya ba ni labarin yadda aka kafa dutsen. An buɗe wurin ranar 10 ga Yunin 2000, bayan 'yan ƙasa da Turawan yankin sun zauna kwamiti ɗaya. A wurin taron, Sue Blacklock, wadda ta fito daga zuriyar waɗanda suka tsira, ta tsaya tare da Beulah Adams da Des Blake, waɗanda suka fito daga dangin makasan, suka rungumi juna. Tun daga lokacin duk watan Yuni ake taruwa, 'yan makaranta na karanta allunan. A 2008 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, a shekarar da Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara kan yaran da aka ƙwace daga iyayensu. Amma ba kowa ya so ba. A 2005 wasu sun zo da kurfi sun sassaƙe kalmomin kisa da mata da yara daga allunan, sai da aka gyara. A 2023 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba 'yan ƙasa majalisar ba da shawara a tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. Da na ambaci wannan, dattijon ya ɗaga kafaɗa kawai ya kama hannun jikokinsa. Na ga alamar ciwon bai warke ba, ban ƙara tono shi ba.

Azahar ta same mu a wurin. Muka koma gefen mota, muka yi alwala da ruwan gora, ƙanena ya shimfiɗa darduma ya fuskanci yamma. Duk da na sani a ƙwaƙwalwa cewa alƙibla a nan yamma take, jikina sai da ya yi gardama, don mu da gabas muka tashi, har sallar ma mukan ce mutum ya ba gabas haƙƙinta. Rana kuma ga ta ta arewa maimakon bisa kai. Bayan mun sallame na daɗe zaune a kan dardumar, ina tunanin wani tsoho da Turawan gandun ke kira Daddy, wanda aka ce shi ma yana cikin igiyar, da yaron nan Charley mai kimanin shekara uku da kowa a gandun ya sani.

A hanyar dawowa ne ƙanena ya jefo min tambayar da ta hana ni sakewa. "Yaya, ka taɓa zuwa Satiru?" Ban taɓa ba. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai ta Armidale zuwa Guyra ba. A watan Fabrairun 1906 talakawan wurin suka yi wa sojojin Birtaniya tawaye suka kashe Turawa uku, a watan Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa aka shafe garin. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda aka kashe da kusan 2,000. Sojojin da suka yi harbin yawancinsu baƙaƙe ne irinmu, kuma sarakunanmu na gefen Bature a ranar. Ƙasarmu ba a ƙwace ta an zauna ba kamar tasu, harshenmu na nan, ga shi ina rubutu da shi. Amma daular ɗaya ce, kuma na tsallaka tekuna na zo na koyi faɗin muna tunawa da su da harshen wasu, alhali ban san hanyar kufan da ke bayan gidanmu ba.

Mun shigo Armidale bayan magariba, sanyi ya sauko, muka bi ta titin Dangar fitilu na ci, shaguna sun rufe. Da muka ci abinci na duba agogo, ƙarfe takwas na dare, ke nan sha ɗaya na safe a gida. Na kira mahaifinmu. Bayan gaisuwa da tambayar ruwa da gona, na ce, "Baba, ko Kaka ya taɓa ba ku labarin Satiru?"

Layin ya yi shiru har na zaci ya yanke. Can ya ce, "Wa ya tayar maka da wannan zance a can?" Na ce wani dutse na je gani. Ya ce, "To. In Allah ya dawo da kai lafiya ka same ni bayan isha'i, ka zo da abin rubutu. Ba maganar waya ba ce."